Muhawara: Sana'ar garin albasa za ta iya sama wa yarinya gurbi a jami'a?

Maman 'Yanmata, Mabera:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, a yi haƙuri da tsawon rubutu. Ɗiyata ta fari tana aji shida na sakandare, shekarunta 17, ɓangaren kimiyya take. Tun tana aji huɗu take sana'ar garin albasa da na tafarnuwa. Asalin abin, wata shekara ce albasa ta karye a watan Maris, mahaifinta ya zo mana da buhu biyu daga Goronyo. Kafin mu ci rabin guda, na ƙasa sun fara ruwa, gida duk ya ɗauki wari. Ita ce ta zauna da wuƙa ta yayyanka waɗanda suka tsira, ta shanya a tabarma, ta daka, ta tankaɗe, ta zuba a kwalaben Bama guda huɗu. Na ba maƙwabciyata ɗaya, bayan sati ta aiko da kuɗi wai a ƙaro mata.

Yanzu mata shida na unguwa ne ke yi mata yanka, tana biyansu a kan kowane baho. Akwai ɗan kabu-kabu da ke kai wa mutane cikin gari, na nesa kuma ana ba direba a tasha, Kano da Kaduna da Abuja. Duk ta sitatus na WhatsApp ake ciniki. Kuɗin makarantarta na zango uku da suka wuce ita ta biya da kanta.

Tambayata biyu ce. Na farko, ina ake rubuta irin wannan a takardar neman jami'a, ko dai ba ya da wani amfani? Na biyu, wani ejan ya ce in na ba shi naira dubu 250 zai rubuta mata insha'in neman sikolashif a Amurka. Ya ce za a saka cewa ita CEO ce, wato shugabar kamfani, tana ciyar da mata 500, kuma a ce 'yar gudun hijira ce don a fi tausaya mata. Zuciyata ba ta kwanta ba, amma ya ce kowa haka yake yi.

Tsohon Malamin Sakandare, Runjin Sambo:
Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya yi wa yarinya albarka. In jami'o'inmu na gida kike nufi, amsar gajera ce, babu inda za a rubuta shi. Na yi shekaru ina zama da yara wajen cika fom, ban taɓa ganin gurbin da aka ce faɗi sana'arka ba. JAMB lamba take gani. Darussa huɗu, Turanci dole a ciki, maki 400. Sai kiredit biyar a WAEC ko NECO, har da Turanci da Lissafi. Sai tantancewar da jami'a ke yi da kanta. Tun 2017 kuma komai ta CAPS, manhajar JAMB ta ba da gurbi, yake bi. A jami'o'in tarayya rabon shi ne kashi 45 cikin 100 na cancanta, 35 na 'yan yankin da jami'a take, 20 na jihohin da aka bari a baya a boko, kuma Sakkwato tana cikin wannan jerin. Don haka a Jami'ar Danfodiyo ta nan Sakkwato ƙofa uku ne a gabanta, amma duk ukun da maki ake shiga. Ko tirela goma ta sayar na garin albasa, kwamfutar ba ta da gidan zuba shi.

Abin da na fi ji mata tsoro ma shi ne lokaci. Albasa tana araha daidai lokacin da ake shirin JAMB da WAEC. In ba a yi hattara ba, baho zai cinye Kimistiri.

Ɗan Kasuwar Albasa:
Hajiya ni abin da ban gane ba, mi za ta tahi nema? Ɗiyar nan ta samu abin da masu digiri ka yawon nema da fayil a hammata. Mu da munka tashi cikin harkar ga mun san ciwon. Kowace shekara sai mun zubar da buhunna, a rudu ma in damina ta kama sai ka buɗe ka iske rabi ya tahi. Wanda yas san yadda za a hana albasa ruɓa ya riƙe arziki. Ku ƙara mata jari ta sayi injin niƙa nata, ta yi karatunta nan gida kusa da ku. Kuɗɗin da za ku ba ejan wanga, buhu nawa za su saya a Maris?

Maman 'Yanmata, Mabera:
Alhaji ka faɗi gaskiya a kan ejan. Amma ita ce ke son karatun, ba mu muka tura ta ba. Cewa take yi hannunta ya san aikin amma kanta bai sani ba. Ba ta san dalilin da wani garin ke yin fari wani ya yi ja ba, ko me ya sa na wata uku ke dunƙulewa.

Ɗalibi a Amurka:
Mama ina wuni. Ni ɗan Arkilla ne, ina shekara ta uku a nan, kuma ta wannan hanyar na bi, don haka bari in faɗi abin da na gani da idona.

Malam ya yi daidai a kan JAMB. A nan kuma tsarin daban ne, suna karanta mutum ɗungurungum. Jami'o'i sama da dubu suna amfani da fom guda da ake kira Common App, ana buɗe shi ranar 1 ga Agusta kowace shekara. Sana'arta tana da wuri huɗu a ciki. Akwai sashen ayyukan da ɗalibi ke yi bayan aji, guraben guda goma ne, kowane an ba shi harafi 150 kacal na bayani. Harafi fa, ba kalma ba, har da tazarar da ke tsakanin kalmomi. A nan ne ake tambayar awa nawa a sati, sati nawa a shekara, daga wane aji. Sai babban insha'i, kalma 250 zuwa 650. Sai wani ɗan fili na ƙarin bayani, in akwai abin da bai samu shiga ba. Sai wasiƙun shaida daga malamai, wasu jami'o'in kuma suna karɓar ta wani na waje, kamar dillalin da take sayen albasa a wurinsa.

Batun kuɗin da ta samu kuwa, kada ku ɗora buri a kansa. A ce ta yi cinikin miliyan biyu a shekara. A nan gida abin a jinjina ne ga 'yar shekara 17. Amma in aka yi lissafi da canjin naira 1,500 a dala, bai wuce dala 1,300 da 'yan kai ba, abin da yaro a nan zai samu a hutun bazara yana wanke kwanuka a gidan abinci. Mai karantawa ba zai girgiza ba. Abin da zai tsayar da shi shi ne tun daga aji huɗu ba fashi, mata shida da ke karɓar kuɗin aiki daga hannunta, garuruwa uku, da kuɗin makarantar da ta biya. Waɗannan ba sa buƙatar canji.

Shi kuma ejan, Mama ki gudu. A ƙarshen fom ɗin ɗalibi yana sa hannu cewa duk abin da ke ciki aikinsa ne kuma gaskiya ne. In aka gano ƙarya ana janye gurbi ko da an riga an bayar. Masu karatun nan sun ga dubban insha'i daga Najeriya, sun san ƙamshin na ejan tun daga layin farko. Kuma a ce yarinyar da iyayenta ke raye a Mabera 'yar gudun hijira ce, alhali ga mutanen Sabon Birni da Isa da abin ya ci da gaske, wannan cin haƙƙi ne kafin ma a zo kan dokar Turawa.

Tsohon Malamin Sakandare, Runjin Sambo:
Ɗana, ka faɗa mata kuma cewa ko a can ɗin maki ne a gaba. Kada ta ɗauka albasa za ta rufe mata D7 a Lissafi.

Ɗalibi a Amurka:
Haka ne Malam. Sakamakon aji huɗu zuwa shida shi ake fara dubawa. Wasu manyan jami'o'in ma sun dawo da wajabta jarrabawa irin SAT, MIT tun 2022, Harvard a 2024. Sana'a tana raba gardama ne tsakanin masu maki iri ɗaya.

Gwaggon Yara, Kanwuri:
Ni dai abin ga bai yi min ba. Mu an hore mu da cewa yabon kai jahilci na. Ɗiya budurwa ta zauna ta rubuta ni ta yi kaza, ni ta yi kaza, ina kunya? Kuma baki gaskiya na. Tun da anka hwara maganar yarinyar ga a nan nike cewa Masha Allah a zuciyata, don na san ba kowa ka faɗi ba. A bar kaza cikin gashinta.

Malamin Islamiyya, Gidan Igwai:
Gwaggo, Allah ya ƙara girma. Tsoronki yana da asali, amma a raba abu biyu. Akwai alfahari, wanda mutum ke faɗin kansa don ya ƙasƙanta wani. Akwai kuma faɗin abin da ka iya a gaban wanda zai damƙa maka amana. Annabi Yusuf, alaihis salam, da kansa ya nemi sarkin Masar ya ɗora shi a kan taskokin ƙasa, ya kuma faɗi dalili, cewa shi mai tsarewa ne, masani. Malamai suna kafa hujja da wannan a kan halaccin mutum ya bayyana ƙwarewarsa in buƙata ta kama. Sharaɗin shi ne abin ya zama gaskiya. Mata shida a ce shida. In aka ce 500, an fita daga wancan babi an shiga na ƙarya, kuma duk tallafin da aka samu a kai akwai tambaya a kansa. Baki kuma maganinsa azkar ne, ba a fasa alheri saboda shi.

Gwaggon Yara, Kanwuri:
To Malam, na ji. Amma dai ta rage "ni".

Ɗalibi a Amurka:
Gwaggo ta taɓo abin da ya fi ba ni wahala. Insha'ina na farko, duk "muka yi", "aka yi", "Allah ya sa aka samu". Wadda ta duba min ta tambaye ni, to kai wanne ka yi a ciki? Na rasa amsa, don a gida in ka ce "ni na yi" sai a dube ka. Daga baya na gane ba sai ka yabi kanka ba. Ba sai ta rubuta cewa tana da ƙwazo ko hazaƙa ba, kalmomin nan ma ba sa aiki. Ta faɗi abin da ya faru kawai, ranar kaza na tashi da asuba na juya shanya kafin in tafi makaranta. Wannan labari ne, ba kirari ba. Ranar wanka dai ba a ɓoyon cibi.

Mai Faɗa a Gaban Ido:
A gafarce ni, zan faɗi abin da wasu ke tunani ba su furta ba. Hajiya, tsakani da Allah, sana'ar yarinya ce ko taki ce aka laƙa mata suna? Na ga gidaje da yawa, uwa ce ke tsaye a kan komai, ɗiya tana ɗaukar hoto tana sakawa a waya, sai a ce 'yar kasuwa ce. Albasar farko ta mahaifinta ce, tsakar gidan naku ne, matan maƙwabtanki ne, asusun banki na tabbata da sunanki yake. To me ya rage?

Admin:
A yi tambaya da lafazi mai daɗi don Allah.

Maman 'Yanmata, Mabera:
Admin bar shi, tambayar tana kan hanya, ko da ta ɗan yi min zafi. Asusu nawa ne, gaskiya ne, don ba ta kai 18 ba. Jarin farko kuma albasar gida ce. Amma ni ma'aikaciyar asibiti ce, ina fita bakwai na safe. Bari in ba ka labari ɗaya ka yi hukunci.

A shekararta ta biyu ta yi kwaɗayi, ta sayi buhu biyar a ƙarshen Mayu da duk abin da ta tara. Ta shanya, kwana biyu sai hadari ya haɗo. Ta kwashe da sauri ta ɗure a leda tun bai gama bushewa ba. Bayan sati da aka buɗe, duk ya yi baƙi ya yi furfura, ko akuya ba ta kalle shi ba. Ta yi kuka har ta ƙi cin abinci. Na ce mata ta bar sana'ar nan haka, mahaifinta ma ya ce ya hana. Mutum bakwai sun riga sun biya kuɗi. Ba ta tambaye ni ko sisi ba, ɗan kunnenta na zinari da kakarta ta ba ta shi ta kai kasuwa, ta mayar wa kowa kuɗinsa, ta kira su ɗaya bayan ɗaya ta ba da haƙuri. Ni sai daga baya na lura kunnenta babu komai.

Daga nan ta canza komai. Ta sa kafinta ya yi mata gadon shanya mai ƙafa, ta rufe shi da tsohon gidan sauro saboda ƙuda da ƙura. Ta karɓi sikelin kicin ɗina ba ta dawo da shi ba har yau. Ta gano cewa kilo goma na ɗanya kusan kilo ɗaya yake bayarwa in ya bushe sosai, don haka in ta auna ta ga ya fi haka nauyi, ta san da sauran ruwa, ba za ta ɗure ba. Ta daina sayen albasa bayan Afrilu. Duk wannan yana cikin wani littafi mai jan bango, da rubutun hannunta, har da ranar da aka yi asara. 'Yan ajinsu "Mai Albasa" suke kiranta don warin ba ya fita daga hijabinta ko an wanke.

Mai Faɗa a Gaban Ido:
Na janye, Hajiya. Allah ya huci zuciyarki. Nata ne.

Ɗalibi a Amurka:
Mama, insha'in kenan kika rubuta yanzu ba ki sani ba. Ɗan kunnen, gidan sauron, sikelin. Babu ejan da zai iya ƙirƙiro wannan, kuma babu wani ɗalibi a duniya da zai kawo irinsa. Sai dai ita za ta rubuta, da Turancinta, ko da bai kai na jarida ba. Malamin Turancinsu zai iya nuna mata inda nahawu ya karye, amma kada wani ya sake mata jimloli. Kuma tambayar da Yaya ya yi, ko sana'ar tata ce, ba ta banza ba ce, can ma za su yi ta a zuciyarsu. Gara ta faɗa da bakinta cewa albasar farko ta gida ce, asusu na mahaifiyarta ne. Wanda ya faɗi inda aka taimake shi an fi yarda da sauran maganarsa.

Lissafin kilo goma ɗin nan ma daidai yake da abin da ke littafin kimiyya, albasa kusan kashi 90 cikin 100 ruwa ce. Ita da sikelin kicin ta gano. In za ta nemi kimiyyar abinci, wannan shi ne gadar da ta haɗa sana'ar da karatun.

Ma'aikaciyar Banki, Gawon Nama:
Anti, ta ɓangarena. Tunda kuɗin cinikin yana shiga asusunki tare da albashi, ranar da aka ce kawo shaida za ki sha wahalar tsincewa. Ki buɗe wani asusu daban na sana'ar kawai tun yanzu, ko da da sunanki ne, in ta cika 18 a mayar nata. Littafin nan mai jan bango kuma a ɗauki hoton kowane shafi a ajiye, littafi yana jiƙewa. Sannan ki duba sunanta a NIN da na rajistar WAEC da fasfo, su zama iri ɗaya harafi da harafi. Tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da NIN, kuma kullum sai mun ga wanda sunan mahaifinsa ya zo iri biyu yana zarya.

Wani abu kuma da ejan bai gaya miki ba. In za ku nemi tallafin kuɗi, akwai fom daban da ke tambayar abin da iyaye ke samu, da kadarorinsu, da abin da ɗalibin kansa ya mallaka. Ba zai yiwu a fom ɗaya ta zama mai kamfanin da ke ciyar da mata 500 ba, a ɗayan kuma ta zama ba ta da ko taro. Ofis biyu ne amma jami'a ɗaya ce.

Ɗalibi a Amurka:
Sunansa CSS Profile, jami'o'i masu zaman kansu da yawa suna nema. Anti ta yi gaskiya.

Lauya, Bado:
Ƙarin bayani kan kalmar CEO. A dokar kamfanoni ta 2020, wanda bai kai shekara 18 ba ba zai zama darakta a kamfani ba. Kuma duba rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, abu ne da kowa zai iya yi daga wayarsa a ko'ina. In ta rubuta sunan kamfani aka bincika babu, an gama. Ta rubuta cewa ita ta kafa sana'ar kuma ita ke tafiyar da ita, ya wadatar. Na biyu, abinci da aka ɗure aka manna wa suna ana kai shi wasu jihohi, hurumin NAFDAC ne. Ban ce a tsorata ba, amma tunda abin yana girma a fara bin hanyar rajista, kuma kada a rubuta a ko'ina cewa yana da lamba alhali babu.

Baban Yarinyar (ta wayar mahaifiyarta):
Salamu alaikum. Ni ne mahaifinta, an nuna min abin da ake tattaunawa. Na gode wa kowa. Sharaɗina guda ne, kada adadin kuɗi da hotonta su fita a intanet. Ejan ɗin nan har cewa ya yi za a kira 'yan jarida a yi mata hira don a samu abin nunawa. Halin da ake ciki kowa ya sani, ina bin hanyar Goronyo kusan kowane wata. Ba na son a san ni da uban mai kuɗi, alhali garin albasa ne.

Ɗalibi a Amurka:
Baba, Allah ya ƙara lafiya. Abin da aka rubuta a fom ofishin ɗaukar ɗalibai ne ke gani, ba a wallafa shi. Ba a buƙatar hira da jarida ko kaɗan. In ma ba ku so, ba sai an saka naira ko ɗaya a sashen ayyuka ba, a ƙirga kilo da mutane. Fom ɗin tallafi ne kawai dole a faɗi kuɗi.

Malama a Jami'a:
Na daɗe ina karantawa, bari in sa baki, don na ga duk hankali ya tafi Amurka kamar babu wata ƙasa. Jami'o'in can da ke ɗaukar ɗalibin waje ba tare da duba aljihunsa ba, su kuma biya masa duk abin da ya gaza, 'yan kaɗan ne, irin su Harvard, Yale, Princeton, MIT da Amherst. Harvard ba ta ɗaukar ko biyar cikin ɗari na masu nema. Kuɗin fom ɗin manyan yakan kama daga dala 70 zuwa 100 kowace guda, ko da yake ana iya neman a yafe. Ga batun biza, wanda tun 2025 Amurka ta tsaurara wa 'yan Najeriya. Kafin ku kashe ko naira ɗaya ku tuntuɓi EducationUSA, masu ba da shawara kan karatu a Amurka, suna da cibiya a Abuja da Legas, su ne na hukuma, ku ji halin da bizar ɗalibai ke ciki a lokacin.

A nan Afirka akwai inda labarinta zai fi nauyi. Anzisha shiri ne na matasa masu sana'a 'yan shekara 15 zuwa 22, na makarantar African Leadership Academy da ke Johannesburg tare da gidauniyar Mastercard. Su sana'ar ce ma suke dubawa, littafin ciniki da komai. Jami'ar Ashesi a Ghana, wadda Patrick Awuah ya kafa a 2002, tana karanta insha'i kuma tana cikin masu ba da tallafin Mastercard. In ta cika 18 akwai gidauniyar Tony Elumelu mai ba da jarin dala 5,000, wannan ba karatu ba ne amma zai sayi injin da Alhaji ya ambata.

Ingila kuma salonsu daban. A fom ɗinsu na neman jami'a, UCAS, bayanin ɗalibi harafi 4,000 ne, yanzu an raba shi tambaya uku, kuma kusan duk a kan kwas ɗin da kake so ne. Labarin ɗan kunne ba zai yi aiki sosai a can ba, na sikeli ne zai yi. Tallafi ga masu digirin farko kuma ƙalilan ne.

Ni a ganina ta zauna JAMB da gaske, ba a matsayin abin faɗuwa a kai ba. Danfodiyo tana da tsangayar aikin gona, Bayero a Kano tana da sashen kimiyyar abinci. Ɗalibar da ta shigo aji ta riga ta san yadda albasa ke furfura a leda, mu malamai mun san darajarta, ko da JAMB ba ta tambaya ba. Aikin bincikenta na shekarar ƙarshe yana tsakar gidanku.

Kawun Wani:
Duk kun bar babbar magana. Yarinya mace, ita kaɗai, a ƙasar da ba muharrami?

Admin:
Kawu, wannan tsakanin iyayenta ne da malamansu, kuma mahaifinta yana nan yana karantawa. Mu tsaya a kan abin da aka tambaya.

Tsohon Malamin Sakandare, Runjin Sambo:
Ƙarin tunatarwa kawai. Masu neman can da wuri a farkon Nuwamba suke rufewa, sauran a farkon Janairu. Wasiƙar malami kuma ba a nemanta saura kwana uku. Malamanmu ba su saba da irinta ba, abin da aka saba shi ne layi biyu, yarinya ce mai ladabi da biyayya, a buga hatimi. Ta je ta zauna da malamin Kimistiri ta nuna masa littafin nan tun yanzu, ya san abin da zai rubuta. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Maman 'Yanmata, Mabera:
Salam jama'a, na dawo bayan kwana huɗu. Na kira ejan na ce mun fasa. Ya ce za mu yi nadama, na ce to. Mun biya mata kuɗin darasin JAMB na yamma, kuma mun yi yarjejeniya cewa daga Fabrairu ƙanwarta ce za ta riƙa karɓar oda, ita sai ranar Asabar za ta duba littafi. Ta yi ta gunaguni wai lokacin ne albasa ke araha.

Harafi 150 ɗin nan kuwa ya ba ta wahala fiye da yadda muka zata, ta cika shafi biyu tana gogewa. Ga ma'anar abin da ta tsaya a kai da Hausa: "Ina busar da albasar da za ta ruɓe in mayar da ita gari. Mata 6 ke aiki da ni, ina aikawa garuruwa 3, da ribar nake biyan kuɗin makarantata." Da farko ta saka "da yardar Allah" a ƙarshe, harafin ya yi yawa, ta ce to za ta faɗa a zuciya. Insha'in ta fara, amma ta ce ba za ta saka maganar ɗan kunne ba, don kakarta ba ta sani ba har yau.

Ɗalibi a Amurka:
Kaka ba za ta ga fom ɗin ba ai. Amma labarinta ne, in ba ta so a bar shi, gidan sauro da sikeli ma sun isa. Layin nan kuma kada a taɓa shi, sai dai ta ƙirga na Turancin da kyau, har da tazara.

Gwaggon Yara, Kanwuri:
Ku tahi ku gaya wa tsohuwa gaskiya tun ba ta ji a bakin wani ba. Kuma Hajiya, na tafarnuwar nawa na ƙaramar kwalba? A aiko min biyu ta hannun ɗan kabu-kabun.

Ɗan Kasuwar Albasa:
In Maris ta yi ku yi min magana. Akwai ƙanana da masu tabo da ba su shiga motar kudu, zan sa a ware mata kahin yara su kwashe.